Haber, Takin Zamani da Iskar Guba

Kafin buhun taki ya shigo ƙasar Hausa, manomin kewayen Kano yana da hanyoyinsa na raya ƙasa. Da rani ya tsaya sai ka ga jakuna a jere suna fitowa ta ƙofofin birni da mangaloli cike da shara da toka da kashin awaki, su koma da itace ko kara. Wanda gonarsa ta yi nisa da gari yakan shirya da Fulani su sauka masa bayan girbi, shanu su kwana a fili, shi kuma ya sallami makiyayan da dami. Ba a sare gawo a gona, don an ga dawar da ke ƙarƙashinsa ta fi ta gefe kyau. Ana jefa wake a tsakanin gero. Duk wannan wahala abu guda ake nema da ita, sinadarin da masana ke kira naitirojin, wanda in ya yi ƙaranci ganye ya koma rawaya, zangarniya ta tsumbure. Shi ne kashi 78 cikin 100 na iskar da muke shaƙa. Yana yawo a kan gona dare da rana, amma ƙwayoyinsa a manne suke biyu-biyu, shuka ba ta iya raba su ta ci. Sai a wajen 1886 wasu Jamusawa biyu, Hellriegel da Wilfarth, suka nuna cewa a cikin ƙullutun da ke jikin saiwar wake da danginsa ake kamo shi daga iska. Kakanninmu sun daɗe da sanin amfanin, dalilin ne ya iso daga baya.

Turai ba ta wadatu da kashin dabbobi ba. A ƙarni na 19 jama'arta sun yi ta ƙaruwa, birane suna cika da ma'aikatan masana'antu waɗanda ba sa noma amma dole su ci burodi. Sai aka waiwayi tsibiran Chincha da ke gaɓar Peru, inda tsuntsayen teku suka shekara aru-aru suna kashi, ruwan sama kuma ba ya sauka balle ya wanke, har ya taru ya zama tudu. Daga wajen 1840 jiragen ruwa suka shiga lodinsa zuwa Ingila da Amurka. Darajarsa ta kai a 1856 majalisar Amurka ta yi doka cewa duk tsibirin da ɗan ƙasarta ya tarar da wannan kashi, in babu mai shi, Amurka na iya mallake shi. Masu haƙar kuwa yawancinsu Sinawa ne da aka ɗebo da takardar ƙwadago wadda ba ta da maraba da bauta. Ƙurar tana ƙona ido da huhu, ga bulala, wasu har kashe kansu suke yi don su huta. Cikin shekara talatin da 'yan kai aka kwashe abin da ya ɗauki dubban shekaru yana taruwa.

Da kashin tsuntsu ya ja baya, ido ya koma hamadar Atacama, inda akwai wani gishiri mai ɗauke da naitirojin shimfiɗe a ƙarƙashin ƙasa. A kansa Chile ta gwabza yaƙi da Peru da Bolibiya daga 1879 zuwa 1884, Bolibiya ta rasa gaɓar tekunta, har yau ba ta da mafita zuwa teku. A Disamban 1907 sojojin Chile suka buɗe wuta a kan ma'aikatan gishirin da iyalansu da suka taru a wata makaranta a garin Iquique suna yajin aiki. Wannan gishiri amfani biyu gare shi tun asali. Manomi yana zuba shi a gona, mai haɗa albarushi da nakiya ma shi yake nema. Ina so mai karatu ya riƙe wannan, domin sana'ar taki ba ta taɓa rabuwa da sana'ar makami ba, tun kafin a haifi mutumin da zan ba da labarinsa.

A 1898, a birnin Bristol, wani babban masanin Ingila mai suna William Crookes ya tsaya gaban taron masana ya yi gargaɗi cewa gishirin Chile zai ƙare, alkama za ta kasa, yunwa na tafe in masu haɗa sinadarai ba su gano yadda za a kamo naitirojin daga iska ba. Ana yawan kawo wannan jawabi a matsayin kukan mai tausayin 'yan Adam. Wanda ya bi shi da kyau zai ga damuwarsa ta fi karkata ga masu cin alkama, wato fararen fata, kada al'ummomin da ba su dogara da burodi ba su sha gabansu. Ko a wajen zaɓen tambayar da za a bincika, zuciyar mai bincike ta riga ta shiga.

Fritz Haber ne ya amsa kiran. An haife shi a 1868 a Breslau, garin da yanzu yake cikin Polan, a gidan Yahudawa masu sayar da rini da fenti. Da ya girma ya koma Kirista, kamar yadda Yahudawan Jamus da yawa masu neman ɗaukaka a jami'a suka yi a lokacin, kuma ya so Jamus so na haƙiƙa. A kwalejin fasaha ta Karlsruhe ya duƙufa a kan matsalar. A takarda abin ba wuya: kaso ɗaya na naitirojin, kaso uku na haidirojin, su haɗu su ba da amoniya, daga amoniya kuma a yi kowane irin taki. A aikace kuwa, in ka rage zafi haɗin ba ya motsi, in ka ƙara zafi amoniyar da ta samu ta sake wargajewa. Haber ya gano cewa mafita tana cikin matsi. Ya matse iskokin biyu kusan sau 200 fiye da nauyin iskar da ke kanmu, a zafin da ya haura digiri 500, ya sa wani ƙarfe mai tsada da ake kira osmiyom ya zuga haɗin. A Yulin 1909, tare da mataimakinsa Baturen Ingila Robert Le Rossignol, ya nuna wa wakilan kamfanin BASF amoniya tana ɗiga daga wata 'yar na'ura da ke kan tebur.

Daga tebur zuwa masana'anta aikin Carl Bosch na kamfanin BASF ne, kuma ni a ganina ba a ba shi haƙƙinsa a wajen yabo. Tukwanen ƙarfen da ya fara ginawa fashewa suka riƙa yi, domin haidirojin a wannan zafi da matsi yana ratsa ƙarfe ya cinye ƙarfinsa. Sai ya yi tukunya biyu, ɗaya cikin ɗaya: ta ciki da ƙarfe mai taushi, ta waje da mai ƙarfi, ya huda ƙananan ramuka a ta wajen don iskar da ta ratso ta fice. Abokin aikinsa Alwin Mittasch ya yi gwaji dubbai kafin ya samu haɗin baƙin ƙarfe mai arha da zai maye gurbin osmiyom. A 1913 masana'antar farko ta fara aiki a Oppau, a bakin kogin Rhine.

Shekara guda bayan haka Yaƙin Duniya na Farko ya ɓarke. Jiragen yaƙin Birtaniya suka tare hanyar Chile, Jamus ta ga albarushinta zai ƙare cikin watanni. Bosch ya yi wa gwamnati alkawarin mayar da amoniya abin haɗa nakiya, ya kuma cika. Aka gina wata masana'anta da ta fi ta Oppau girma a Leuna, ta fara aiki a 1917. Masana tarihi da yawa sun yarda cewa ba don wannan ba da Jamus ba ta iya kai yaƙin har 1918 ba. Manoman Jamus kuwa ba su ga takin ba, filin daga ya shanye shi, mutane suka sha yunwa a birane.

Har zuwa nan ana iya yi wa Haber uzuri. Ana iya cewa maƙeri ne ya ƙera wuƙa, wani ya saya ya yanka nama, wani ya saya ya yi ta'asa, maƙeri ba ruwansa. Wannan ita ce hujjar da aka saba kare kimiyya da ita, kuma tana da ƙanshin gaskiya. Abin da ya faru a bazarar 1915 ne ya sa na daina gamsuwa da ita.

Yaƙi ya cije a ramukan da sojoji suka haƙa daga gaɓar Beljiyam har iyakar Suwizalan, ba mai ci gaba. Haber, wanda a lokacin yake shugabantar babbar cibiyar bincike a Dahlem da ke Berlin, shi da kansa ya kai wa sojoji shawarar amfani da iskar kilorin. Ya san ta ciki da waje. Ya san ta fi iska nauyi, saboda haka za ta bi ƙasa ta gangara cikin ramuka inda mutane suke ɓoye. Ya san in ta haɗu da damshin ido da maƙogwaro da huhu tana ƙona su, huhu ya cika da ruwa, mutum ya shaƙe yana kan busasshiyar ƙasa. Ya san kuma Jamus ta sa hannu a yarjejeniyar Hague ta 1899 da ta hana harba harsasai masu iskar shaƙewa. Aka kauce wa lafazin yarjejeniyar da cewa ai ba harbawa za a yi ba, tulunan ƙarfe za a buɗe iska ta kwashe. Ya sa kakin soja, ya tafi bakin daga, ya kula da binne tuluna sama da 5,700 a kusa da garin Ypres na Beljiyam, aka zauna jiran iska ta juya. Da yammacin 22 ga Afrilu, 1915, aka kwance bakunansu, kimanin tan 168 na kilorin ya tashi ya nufi ramukan Faransa, gajimare mai launin tsanwa da rawaya.

Waɗanda ke cikin ramukan nan a ranar, da yawansu 'yan Afirka ne, sojojin Aljeriya da Faransa ta ɗebo daga ƙasar da take mulka. Ba su da abin rufe fuska, ba su ma san mene ne ke tafe ba. Wannan ɓangare na labarin yana taɓa ni ƙwarai: mutanen da aka kwaso daga ƙauyukansu zuwa rigimar da ba tasu ba, suna cikin na farko da suka shaƙi wannan sabon ilimi. Aka samu giɓi na kilomita kusan shida a layin daga, amma Jamus ba ta tanadi isassun sojojin da za su kutsa ba, yaƙin bai gajarta ko da kwana ɗaya ba. A Satumba Birtaniya ta rama da tata kilorin a Loos. Daga nan aka shiga tsere, kowane ɓangare yana neman gubar da ta fi ta jiya. Kafin a gama yaƙin iskar guba ta kashe kimanin mutum 90,000, ta illata sama da miliyan ɗaya. Wannan kilorin ɗin dai ita ce ake sa wa ruwan famfo don kashe ƙwayoyin kwalara da taifot, an kuma fara yin haka tun kafin yaƙin.

Ba wai kowa ya bi ba ne. Haber ya tara matasan masana a rundunarsa, cikinsu har da Otto Hahn da James Franck, waɗanda duka suka ci kyautar Nobel daga baya. Hahn ya nuna damuwa cewa abin ya saɓa dokar yaƙi, Haber ya lallashe shi da cewa Faransa ce ta fara da hayaƙi mai sa hawaye, kuma in aka gama yaƙin da wuri rayuka da yawa za su tsira. Wani masanin, Max Born, ya ƙi shiga. Albert Einstein, aminin Haber na kusa, ya ƙi sa hannu a takardar da manyan masanan Jamus 93 suka fitar a Oktoban 1914 suna goyon bayan sojojin ƙasarsu, Haber kuwa ya sa. Dukansu littafi ɗaya suka karanta, lissafi ɗaya suka iya. Abin da ya raba su ba ya cikin ɗakin gwaji. Aƙidar da aka san Haber da ita ita ce masani na duniya ne a lokacin zaman lafiya, amma in yaƙi ya zo na ƙasarsa ne, kuma mutuwa mutuwa ce, ko da harsashi ko da guba.

Matarsa, Clara Immerwahr, ita ma masaniyar sinadarai ce, mace ta farko da ta samu digirin digirgir a wannan fanni a jami'ar Breslau, a 1900. Aure ya raba ta da bincike. Kwana goma bayan Ypres, a daren 2 ga Mayu, ta ɗauki bindigar mijinta ta harbe kanta a lambun gidansu, ɗansu mai shekara 12 ne ya iske ta. Masana tarihi sun rabu a kan dalili, wasu sun ɗora shi a kan iskar guba, wasu a kan zaman auren da ya daɗe da yi mata ɗaci. Abin da ba a yi gardama a kansa ba shi ne Haber bai zauna makoki ba, nan da nan ya kama hanyar fagen gabas don shirya wa Rashawa irin abin da aka yi a Ypres.

A Nuwamban 1917, yaƙin na ci, masanin zamantakewa Max Weber ya yi wa ɗalibai lacca a Munich a kan kimiyya a matsayin sana'a. Ya ce musu kimiyya tana iya nuna maka hanyar cimma abin da kake so, da abin da zai biyo baya in ka bi ta, amma ba za ta gaya maka abin da ya kamata ka so ba. Na yarda da shi, kuma rayuwar Haber shaida ce. Babu awon zafi ko matsi da zai ce maka shaƙe ɗan Adam haramun ne. Inda nake rabuwa da masu fakewa da wannan magana shi ne inda suke cewa tunda kimiyya ba ta yanke hukunci, masanin ma ba a tuhumarsa. Akasin haka ne. Tunda lissafin ba zai tsayar da kai ba, dole abin da zai tsayar da kai ya zo daga tarbiyya da tsoron Allah da ganin darajar rai, kuma nauyin ya fi yawa a kan wanda ya fi kowa sanin abin da gubar za ta yi. Mai yiwuwa janar ɗin da ya ba da umarni bai san yadda kilorin ke aiki a huhu ba. Haber ya sani.

Bayan yaƙi aka ba shi kyautar Nobel ta 1918 saboda amoniya, masana da dama a ƙasashen da suka sha gubarsa suka yi tir. Bosch ya samu tasa a 1931. A tsakani, ranar 21 ga Satumba, 1921, rumbun taki ya fashe a Oppau yayin da ma'aikata ke amfani da nakiya don farfasa takin da ya dunƙule, sama da mutum 500 suka mutu. Haber ya shafe shekaru yana neman tace zinariya daga ruwan teku don Jamus ta biya tarar yaƙi, bai yi nasara ba. Daga aikin maganin ƙwari da ya taimaka aka kafa ne aka samu wani magani mai suna Zyklon, na feshin rumbunan hatsi. A 1933 Hitler ya hau mulki, aka umarci Haber ya kori Yahudawan da ke aiki a ƙarƙashinsa. A nan ya tsaya, ya ajiye aiki, ya rubuta cewa bai taɓa zaɓen abokin aiki da duba asalinsa ba. Kiristancinsa da kakinsa da hidimarsa duk ba su sa ƙasar ta ɗauke shi nata ba. Ya mutu a Basel ranar 29 ga Janairu, 1934, yana gudun hijira. Bai rayu ya ga an yi amfani da Zyklon B wajen kashe mutane a sansanin Auschwitz ba, danginsa ma suna cikin waɗanda sansanonin Nazi suka cinye.

Akwai wanda ya ɗauki darasi. James Franck, wanda ya yi aikin guba a ƙarƙashin Haber, ya tsere zuwa Amurka ya shiga aikin ƙera bam ɗin nukiliya. A Yunin 1945 ya jagoranci wasu masana suka rubuta wa gwamnati rahoto suna roƙon kada a jefa shi a kan birnin Japan ba tare da gargaɗi ba, a fara gwada shi a fili inda babu kowa. Ba a saurare su ba. Amma ya yi magana kafin abin ya faru, wanda a 1915 bai yi ba.

Takin Haber ya daɗe kafin ya iso gonakinmu da yawa. Ayyukan raya noma na Funtuwa da Gusau da Gombe da aka fara a wajen 1975 suna cikin abin da ya saba wa manomin Arewa da buhun taki da irin masara na zamani, har masara ta fito daga bayan gida ta cika dawa. Aka gina masana'antar taki ta NAFCON a Onne cikin shekarun 1980, sannan a 2022 aka buɗe masana'antar Ɗangote a Lekki mai iya fitar da tan miliyan uku na takin yuriya a shekara. Kowane buhun yuriya, mai kashi 46 cikin 100 na naitirojin, ta hanyar Haber da Bosch ya biyo. A 1900 mutanen duniya ba su kai biliyan biyu ba, a 2022 sun kai biliyan takwas, masana kuma sun ƙiyasta cewa kusan rabinsu da wannan taki aka noma abincinsu. Ba zan iya ƙin wannan ni'ima ba, ina cin tuwonta. Ɗaya fuskar ma ba ta bar mu ba. A Borno da Yobe da Adamawa jami'an tsaro sun taƙaita safarar yuriya saboda masu tayar da ƙayar baya suna haɗa bama-bamai da ita, manomin da bai ji ba bai gani ba ya rasa abin zubawa a gonarsa. A Beirut, ranar 4 ga Agusta, 2020, tan 2,750 na wani sinadarin taki da aka yi sakaci da shi a tashar ruwa ya tashi, sama da mutum 200 suka mutu.

Ilimin kuma yana ɗora mana nauyin da da can babu shi. Kakanninmu in ƙasa ta gaji sai haƙuri, ba laifin kowa ba ne. Mu mun san abin da ke damun ta, mun san maganin, muna da iskar gas ɗin da ake haɗa shi da ita. A 2006 shugabannin Afirka suka taru a Abuja suka yi alkawarin ɗaga takin da ake sawa daga kimanin kilo 8 zuwa kilo 50 a kowace hekta. Bayan wannan sani, wanda ya karkatar da takin tallafi zuwa kasuwa, da wanda ya cuɗa yashi a buhu ya ɗinke, da jami'in da ya ga algus ya sa hannu, duk suna da kaso a yunwar da za ta biyo baya, ko da ba su taɓa riƙe makami ba.

Ni malamin kimiyya ne a sakandare, kuma hanyar Haber tana cikin abin da ɗalibanmu ke haddacewa don jarrabawa: zafi kaza, matsi kaza, baƙin ƙarfe mai zuga haɗi. Littattafan da muke koyarwa da su a nan suke tsayawa. Ina roƙon 'yan uwana malamai, ranar da za ku rubuta wannan lissafi a allo, ku ware minti goma ku gaya wa yara abin da ya faru a Ypres, da sojojin Aljeriya da ke cikin ramukan, da Born da ya ce ba zai shiga ba. A cikin yaran nan akwai waɗanda gobe za su riƙe maɓallan masana'antun taki da ɗakunan gwaji na ƙasar nan, ya kamata su ji labarin gaba ɗayansa tun suna aji.